Yadda Ake Raba Bayanai Daidai wa Daida Tsakanin Kwamfutoci Masu Yawa

Rumbun bayanai, a fagen ilmin na'ura mai ƙwaƙwalwa, shi ne ma'ajiyar da ake tsara bayanai a cikinta domin a same su da sauƙi duk lokacin da aka bukace su, kamar sunayen masu ajiya a banki ko sakamakon jarrabawar ɗalibai. Muddin bayanan ba su da yawa, kwamfuta ɗaya ta wadatar. Amma akan kai matsayin da bayanan za su fi ƙarfin ma'ajiyarta, ko masu tambaya su yi mata yawa har ta kasa amsa musu a kan kari. Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai a haɗa kwamfutoci da dama, a raba musu bayanan, su riƙa aiki tamkar rumbu guda. Wannan haɗin shi za mu kira gungu.

Sayen kwamfutocin da jona su abu ne mai sauƙi. Wuyar aikin tana wajen rabo. Idan cikin kwamfutoci goma ɗaya ta ɗauki rabin kayan, to gungun zai riƙa tafiya ne da saurin wannan da aka danne, kuma ranar da ma'ajiyarta ta cika aiki ya tsaya, alhali sauran taran suna da fili.

Kowane bayani yana da abin da ake neman sa da shi, wato mabuɗinsa, kamar suna ko lambar jarrabawa. Dabarar da za ta fara zuwa wa mutum ita ce ya raba mabuɗan bisa jerin haruffa. To amma mai karatu ya duba rajistar ajinsa: kwamfutar da aka ba harafin A za ta kwashi Abubakar da Abdullahi da Aminu da A'isha da Amina, wadda kuwa aka ba C ko O za ta wuni tana hamma. Haka nan idan kwanan wata ne mabuɗin, duk rubutun yau kan kwamfuta guda zai sauka.

Saboda haka aka fito da abin da za mu kira lissafin niƙa. Ana zuba masa mabuɗi, ya niƙe shi, ya fitar da lamba. Mabuɗi ɗaya kullum lamba ɗaya yake bayarwa, amma mabuɗai masu kama da juna, irin Aminu da Amina, lambobinsu kan yi nisa ƙwarai. Daga nan sai a raba lambar da yawan kwamfutoci, a ɗauki ragowa. A ce kwamfutoci 4 ne, masu lamba 0 zuwa 3. Idan niƙa ta ba da 17, an raba da 4 saura 1, bayanin ya tafi kwamfuta mai lamba 1 ke nan.

Rabon yana yin daidai, sai ranar da aka sayo kwamfuta ta biyar. Yanzu 17 a raba da 5 saura 2, dole bayanin ya yi ƙaura. Malamai za su iya sa ɗalibai su gwada da lambobi 0 zuwa 19: za a tarar 0 da 1 da 2 da 3 kaɗai ne ragowarsu ba ta canza ba. Wato kashi 80 cikin 100 na bayanan za su tashi daga mazauninsu saboda baƙuwa guda, kuma duk wannan jigila za a yi ta ne yayin da jama'a ke jiran amsa.

A shekarar 1997 David Karger da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa mafita. Biyu daga cikinsu, Tom Leighton da Daniel Lewin, suna cikin waɗanda suka kafa kamfanin Akamai a 1998. Ga yadda dabarar take. A jera lambobin da niƙa ke fitarwa a kan da'ira kamar fuskar agogo, a ce daga 1 zuwa 1,000. Kowace kwamfuta ta kafa tuta a wani wuri: 250, 500, 750 da 1,000. Bayanin da lambarsa ta zama 310 sai ya bi hannun agogo har ya ci karo da tuta ta farko, wato ta 500, nan ne gidansa. In kwamfuta ta biyar ta zo ta kafa tutarta a 125, za ta karɓi 1 zuwa 125 daga hannun mai tutar 250, sauran ukun ko motsi ba za su yi ba.

An rage jigila, amma a lura da abin da ya faru da rabon: kwamfutoci biyu suna riƙe da gurabe 125 kowacce, uku suna riƙe da 250. Wannan ita ce matsalar da masu amfani da Cassandra suka sha fama da ita a farkon zamaninta. Cassandra rumbu ne da aka ƙera a kamfanin Facebook, aka sake shi ga jama'a a 2008. A lokacin da hannu ake lissafa wurin kowace tuta, kuma mai son ƙara kwamfuta ba tare da rabo ya karkace ba, ko dai ya matsar da tutocin duka, ko ya ninka gungun daga huɗu zuwa takwas.

Maganin shi ne kowace kwamfuta ta kafa tutoci da yawa a warwatse a kan da'irar, kamar yadda injiniyoyin Amazon suka bayyana a 2007 game da rumbunsu mai suna Dynamo. Ta haka baƙuwa za ta ɗan yago kaɗan daga hannun kowa, kuma idan wata ta mutu, nauyinta zai bazu a kan sauran maimakon ya faɗa wa maƙwabciya ɗaya. Kwamfutar da ta fi girma ana iya ba ta tutoci fiye da na 'yan'uwanta. Cassandra ta ɗauki wannan tsari a 2013, aka saba ba kowace kwamfuta tutoci 256. Daga baya aka ga yawan ya yi yawa, domin yana nauyaya aikin gyara, sai aka mayar da shi 16 a fitowar 2021, tare da lissafin da ke zaɓar wa tutocin wurin da ya dace.

Tun da kwamfuta na iya mutuwa, ba a ajiye bayani a wuri ɗaya. Yawanci kwafi uku ake yi: bayan tutar farko sai a ci gaba da bin da'irar, a ajiye a kan wasu kwamfutoci biyu na daban. Ya kamata ukun su kasance a kan kantoci daban, masu wutar lantarki daban, kuma kantocin su yi daidai a yawan kwamfutoci, in ba haka ba kantar da ta fi ƙaranci za ta sha kaya. Idan aka shardanta cewa sai biyu cikin uku sun tabbatar da rubutu, kuma sai biyu cikin uku sun amsa tambaya, to dole a sami aƙalla ɗaya mai riƙe da sabon bayani cikin masu amsawa.

Akwai ƙananan abubuwa da mai kafa gungu kan raina, su kuwa suke kayar da shi. A daidaita agogon kwamfutocin, domin Cassandra da lokacin rubutu take tantance wane ne sabo. A shigar da sababbin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya. Bayan baƙuwa ta gama karɓar rabonta, sai an umarci tsofaffin su share abin da ya bar hannunsu, don ba sa yin haka da kansu.

Niƙa tana da nata farashi. Ta wargaza jeri, saboda haka mai neman duk sunayen da suka fara da A sai ya tambayi kowace kwamfuta. Sannan mabuɗai take rabawa, ba ta iya tsaga mabuɗi guda. Idan jama'a suka yi ca a kan bayani ɗaya, kamar saƙon wani shahararren ɗan ƙwallo, kwamfutoci ukun da ke riƙe da shi za su jigata komai kyawun da'irar. Abin da akan yi shi ne a liƙa wa mabuɗin lamba daga 0 zuwa 9, ya zama mabuɗai goma a wurare goma, mai karantawa kuma ya bi su duka ya tattaro.