Ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da tururi, da gasar da ake auna kwal ɗin da suka ci

Duk wanda ya tashi a Kafin Dafga ko wani ƙauyen Karaye da Rogo ya san motar kara, wadda yara ke haɗawa da karan dawa suna turawa a lungu. A Ingila akwai dattawan da ba su daina irin wannan wasa ba, sai dai nasu da ƙarfe da tagulla suke yi. Mutum zai shafe shekaru a ɗan shagonsa na bayan gida yana ƙera kan jirgin ƙasa da tsawonsa bai fi mita ɗaya da rabi ba, amma komai na cikinsa na gaske ne. Ana hura masa wutar kwal, ruwa ya tafasa a tukunyarsa, tururi ya tura fistin, fistin ya juya ƙafafu. Babu batir, babu fetur. Mai shi ya zauna a ƙaramin tarago a baya yana zuba kwal da shebur mai girman cokali, jirgin kuma ya ja shi har da fasinjoji, manyan mutane, wani lokaci fiye da goma.

Irin wannan injin ba baƙo ba ne a Arewa, duk da cewa matasan yanzu ba su riske shi ba. Jirgin da ya fara isa Kano a 1911 ta layin Baro mai tururi ne, kuma daga baya kwal ɗin Inugu ya riƙa ciyar da irinsa har jiragen dizal suka karɓe aikin. Layin dogo bai ratsa Karaye da Rogo ba. Na Kano zuwa Zariya ya bi ta gabas, na Zariya zuwa Funtuwa ya bi ta yamma. Faɗin tsohon layin Najeriya milimita 1,067 ne. Na ƙananan jiragen nan kuwa inci 5 ne, wato milimita 127, wasu ma inci 3 da rabi. Tsawon wayar da ke hannun mai karatu ya fi faɗin layin.

Gasar da ba ta gudu ba

A 1969 mujallar Model Engineer ta Ingila ta ƙirƙiro wata gasa da ake kira IMLEC a taƙaice, aka fara yin ta a filin ƙungiyar maƙeran birnin Bamingham. Kofin da ake bayarwa yana ɗauke da sunan Martin Evans, editan mujallar a lokacin. Ƙungiyoyi daban-daban ne ke karɓar baƙuncinta, yau nan gobe can.

Ba a tambayar wane jirgi ya fi gudu, ko wanne ya fi kyau. Tambayar ɗaya ce: daga cikin zafin da ke cikin kwal ɗin da jirgi ya ƙona, nawa ne ya koma aikin jan kaya?

Ga yadda ake yi. Ana auna kwal a sikeli a ba direba. Shi zai zaɓi yawan fasinjojin da zai ɗauka. Sai ya yi ta zagaya layin na kimanin minti 30. Idan ya gama, a sake auna ragowar kwal ɗin don a san abin da ya ƙone. Tsakanin kan jirgin da sauran taragun kuma akwai wani tarago na musamman mai ma'auni, wanda ke rubuta ƙarfin da jirgin yake ja da shi da kuma nisan da ya yi.

Wannan taragon shi ne zuciyar gasar. A da da sifirin da ƙananan faya-fayan ƙarfe ake haɗa shi. Yanzu ana iya yin sa da irin na'urar da ke cikin sikelin zamani na masu awon hatsi, wadda ke mayar da nauyi ya zama siginar lantarki, da wata ƙaramar na'ura a jikin ƙafar taragon mai ƙirga juyawarta. Duk wanda ya taɓa wasa da Arduino zai gane lissafin nan take: a kowane ɗan taƙi, manhaja ta ɗauki ƙarfin ja ta ninka shi da ɗan nisan da aka yi, ta tara a kan na baya. Layi kaɗan ne na rubutun manhaja. Wahalar tana wajen daidaita ma'aunin, domin idan ya karkace kaɗan, an ba wani kofin da ba nasa ba.

Lissafin da ke ba mutum mamaki

A ɗauki misali kawai. A ce jirgi ya ja da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 10, wato kusan niyuton 100, ya yi tafiyar kilomita 4. Aikin da ya yi jul 400,000 ke nan. A ce kuma ya ƙona giram 600 na kwal mai kyau, wanda zafin da ke cikinsa ya kai kusan jul miliyan 20. Idan aka raba na farko da na biyu, za a samu kashi 2 cikin 100.

Kashi biyu kacal, kuma wannan ba sakamakon kunya ba ne a gasar. A wannan yankin waɗanda ke cin kofi suke yawo, kashi 2 ko 3. Sauran ya bi hayaƙi, ya bi tururin da ke fita ta bututu, ya ɗumama iska. Manyan jiragen tururi ma yawanci ba su kai kashi 10 ba, injin dizal kuwa yana wuce kashi 30, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa duniya ta ajiye tururi.

Don a ji girman abin a harshen waya: fawa bank mai 10,000mAh yana riƙe kusan wat-awa 37. Aikin da jirgin misalin nan ya yi a rabin awa bai wuce cikin fawa bank uku ba. Kwal ɗin da ya cinye kuwa ya kai cikin kusan 150.

Me ya sa ƙarami ya fi ɓarna?

Shayi a ƙaramin kofi ya fi saurin hucewa a kan wanda ke cikin butar mai shayi. Idan aka rage girman abu sau 10 ta kowane ɓangare, fatarsa ta waje tana raguwa sau 100, amma cikinsa yana raguwa sau 1,000. Ƙaramar tukunya ke nan tana da fata mai yawa idan aka gwada da ruwan da ta ɗauka, kuma ta fatar zafi ke tserewa. Haka silinda: tururi na shiga ya tarar da ƙarfe mai ɗan sanyi, wani sashensa ya koma ruwa tun bai tura komai ba. Ga shi kuma matsin tururin ƙananan jiragen bai kai rabin na manya na zamanin ƙarshe ba.

A nan gwanintar direba ke fitowa, kuma nan ne gasar ta fi daɗi. Idan ya cika wuta, matsi ya yi yawa, murfin kariya ya buɗe ya zubar da tururi, kwal ɗin da aka auna masa ya tafi a banza. Idan ya yi rowar wuta, jirgin ya tsaya a hawa. Idan ya ɗebi fasinjoji da yawa, ƙafafu su riƙa sulɓi a kan layi, musamman in an yi yayyafi. Idan ya ɗebi kaɗan, ma'auni ba zai ga aikin kirki ba. Akwai kuma wani hannu da ke rage tsawon lokacin da tururi ke shiga silinda, ta yadda ɗan wanda ya shiga zai buɗe da kansa ya ƙarasa tura fistin. Gwani yana rage shi da zarar jirgi ya kama hanya. Jirgi ɗaya a hannun mutum biyu yana iya ba da sakamako biyu mabambanta.

Gardamar ta girmi gasar. A 1924, a wani baje koli a Landan, an kara tsakanin wani ƙaramin jirgi mai wutar kwal da wani mai wutar sifirit, don a ga ko kwal na iya aiki a ƙaramar tukunya. Mai kwal ɗin, wanda marubucin da aka sani da LBSC ya ƙera a kan layi mai faɗin inci 2 da rabi, sunansa Ayesha, kuma ya ja mutum.

Gargaɗi ga masu son gwadawa: tukunyar tururi ba aikin gwangwani da walda ta bakin titi ba ce. Ƙungiyoyin can ba sa barin a hura wuta sai an gwada tukunya da matsin ruwan sanyi da ya zarce wanda za ta yi aiki da shi, an kuma ba ta takardar shaida. Tukunyar da ta fashe tana iya kisa.

Abin da za a iya ɗauka ba tare da haɗari ba shi ne hanyar awon. Manomin rani a gefen madatsar ruwan Challawa da ke Karaye, wanda ke gardama da maƙwabcinsa kan injin ban ruwan da ya fi shan mai, yana iya raba gardamar da yamma ɗaya. A zuba wa kowane inji lita ɗaya, a yi amfani da tiyo iri ɗaya, a ɗaga ruwan zuwa tudu ɗaya, a ƙirga duro nawa kowanne ya cika kafin ya mutu. Sharaɗin tudun ne aka fi mantawa da shi, alhali injin da ke hawar da ruwa mita 4 yana yin ninkin aikin wanda ke hawar da shi mita 2 a kan kowane duro.