Rage Ƙara a Cikin Ƙananan Motoci

Duk wanda ya shiga ƙaramar motar haya daga Rikkos zuwa Taminus, a birnin Jos, ya san sai an ɗaga murya kafin a ji juna. Fasinja yakan sauka bayan 'yan mintoci, direba kuwa cikin wannan ƙara yake wuni. Masana sun tabbatar cewa zama awa 8 kullum cikin ƙarar da ta kai desibel 85, watau ma'aunin ƙarfin sauti, yana cinye jin mutum sannu a hankali. Jin da ya tafi ta haka ba ya komowa.

Domin tsimin mai, akan ƙera ƙananan motoci da ƙarfe marar kauri. Shi kuwa tamkar fatar ganga yake: da inji ya girgiza, ko taya ta bugi titi, sai ya amsa. Saboda haka injiniyoyi sukan zana motar cikin kwamfuta tun ba a ƙera ta ba, su gwada girgizarta, su gano wuraren da suka fi amsawa. Nan ne ake manna faifan kwalta ko na roba mai kashe girgiza, a shimfiɗa soso ko matsattsiyar auduga mai shanye sauti, ba tare da an labta wa motar nauyin banza ba.

Abin takaici, wajen gyara akan ɓamɓare waɗannan shimfiɗu a yar, wai tsummoki ne. Ana kira ga direbobi su sa a mayar da su, su sake robobin ƙofa da na mazaunin inji idan sun lalace, su kuma kai salansar da ta huje wurin mai walda.