Itacen Goro, Baƙon Da Ya Zama Ɗan Gida

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ga bayani a kan itacen da kullum muke cin 'ya'yansa, alhali da yawanmu ba su taɓa ganin ganyensa ba, watau goro.

Shi goro itacen kurmi ne. Yana son ruwan sama mai yawa da inuwar manyan itatuwa, shi ya sa ba ya yi a ƙasarmu mai dogon rani. Wanda ya dasa shi sai ya yi haƙurin kamar shekara 7 kafin ya ga fure. 'Ya'yan suna fitowa cikin kwanso, a fasa, a jiƙa, a sale fatar, sa'an nan a ware fari da ja, marsa da minu.

A zamanin da, daga ƙasar Asante ake samo shi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan ɗaura wa jakuna kanwa da tufafi, su bi madugu wata da watanni har Salaga ta ƙasar Gwanja. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, kuma yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai hanyar ta raunana. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Yarabawa kuwa suka dage da dashe, har Shagamu ta zama babbar kasuwarsa.

Amfaninsa ba ya ɓoyuwa. Da shi ake neman aure, da shi ake raɗa suna, da shi ake gaida malami. Yana korar barci da gajiya, mai tilawar dare shaida ne, amma yawansa yana sa faɗuwar gaba.

To, ga abin lura. Goro iri ne mai rai. In ya sha iska ya bushe, in ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe. Don haka ake naɗe huhu da ɗanyen ganye, ana buɗewa lokaci lokaci ana tsince mai sankara, gama ƙwaya ɗaya takan ɓata ƙwarya. Wanda ya jera marsa a sama ya ɓoye mai sankara a ƙasa, algus ya yi, shari'a kuwa ta haramta shi. Iyayenmu da amana suka riƙe wannan fatauci, har ana ba mutum kaya bashi daga kurmi zuwa Kano a kan maganar baki kaɗai.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya sa albarka a kasuwa. Wassalamu.