Kalmar "too" ba "sosai" take nufi ba

Ɗalibai da dama a Nasarawan Doya da sauran garuruwan ƙasar Maƙarfi suna ɗaukar kalmar Turanci "too" a matsayin "sosai". Yaro zai so ya yabi raken garinsu, sai ya rubuta "too sweet". A kunnen Bature kushe ya yi, domin cewa ya yi zaƙin ya wuce kima har ba ya shayuwa. In yabo ake nufi, "very" ake sawa.

"Too" tana nuna abu ya zarce yadda ake bukata, har ya kawo cikas. Buhun masarar da ya gagari ɗauka shi ne "too heavy". Wanda yake da nauyi amma ana iya ɗora shi a babur, "very heavy" ne. Idan kuma "too" ta zo a ƙarshen jimla, galibi "ma" take nufi, kamar a "ni ma".

Ruɗanin yana da nasaba da buroka, inda "you too much" kirari ne na yabo. Sai dai masu duba takardun WAEC da NECO ba sa lamuntar wannan, kuma abin takaici ne yaro ya rasa maki a kan haruffa uku. Malamai, ku riƙa koyar da kalmomin biyu tare tun daga firamare.