Batirin waya da zafin Kebbi: abin da ya kamata ku sani

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Birnin Kebbi, rumfunan masu cajin waya a unguwar Nasarawa ba sa rabo da jama'a. Ga jerin soket an kafa a jikin katako, ga wayoyi jibge wata kan wata, janareta na ruri a gefe, kwanon rufi kuma ya ɗau zafi. Mutum zai karɓi wayarsa cike fal, kafin la'asar ta fara ƙorafin caji. Sai a zargi mai rumfa, ko a ce batirin jabu ne. Sau da yawa zafi ne ya yi ɓarnar.

Tecno, Infinix, itel, Samsung, duk batirin litiyam suke amfani da shi, kuma ba abin da ke tsufar da shi kamar zafi. Kamfanin Apple ya ce a yi aiki da wayoyinsa tsakanin digiri 0 zuwa 35, abin da ya wuce haka na iya rage ƙarfin batir har abada. To mu a bazara ko inuwa ta wuce wannan. Caji kansa na haifar da zafi, musamman mai sauri, balle a haɗa da kallon bidiyo waya na jone. Saboda haka a cire mata riga lokacin caji, kada a tura ta ƙarƙashin filo, kada a bar ta gaban gilashin mota. In bayanta ya fara ɗagowa, batir ya kumbura ke nan, a kai wa mai gyara ya canza shi, a daina jona ta.

Ita waya, sauri da daɗewar caji ba sa samuwa tare a cike. In ka ja ɗaya, ɗayan ya ragu. Babban mai cin wuta shi ne fuskarta. Rage haske kaɗai ya fi yawancin dabarun da ake yaɗawa. Sababbin wayoyi na sabunta hoton fuska sau 90 ko 120 a daƙiƙa domin santsi. Mai WhatsApp da kira zai iya mayar da ita 60, da wuya ya ji ya rasa wani abu. Baƙar fuska kuwa tana taimakawa ne a wayoyi masu fuska irin ta AMOLED.

Sai sabis. Inda ya yi rauni, waya kan ƙara ƙarfi tana laluben eriya. Shi ya sa manomin shinkafa da ya wuni a fadama, ko matafiyin da ke ratsa ƙauyuka zuwa Argungu, ke ganin caji na zuba alhali wayar na aljihu. A irin wannan wuri a kashe data, a kashe layin da ba a bukata.

Maɓallin tattalin batir da ke cikin saiti yana rage wa injin waya gudu, ya hana manhajoji aiki a ɓoye. Waya za ta ɗan yi nauyi, saƙo na iya makara. Mai sana'ar da ke jiran alat kafin ya miƙa kaya ya yi la'akari da wannan. A ganina, ranar da babu tabbacin wuta a kunna shi tun da safe, kada a jira sai caji ya koma kashi 10. Su ma kamfanoni sun san wannan ciniki: a 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin iPhone masu tsohon batir don kada su riƙa mutuwa ba zato, a 2020 Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba.

Yawan share manhajoji da yatsa, wanda wasu suka mayar kamar jan carbi, ba ya tsinana komai, domin sake buɗe su daga farko ma wuta yake ci.

Ana ba da shawarar a riƙe caji tsakanin kashi 20 da 80, kuma gaskiya ne hakan na tsawaita ran batir. Amma wanda bai san yaushe NEPA za ta dawo ba, ya cika abarsa zuwa 100. Abin da zai kiyaye shi ne kada ta riƙa mutuwa ƙurmus kullum, kuma in ta cika a zare ta daga cikin tarin wayoyi masu zafi.