Hawan Jinin Huhu: Yadda Za Mu Rage Wahalar Magani a Gida

Masu karatu, yawancinmu mun san hawan jini wanda ake aunawa a dantse. Amma akwai wani iri dabam, watau hawan jinin huhu. Jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu su ne ke ƙuntata, sai ɓangaren dama na zuciya ya yi ta fama har ya gaji. Mai ciwon yakan yi haki ko da ɗan tafiya kaɗan ya yi, ƙafafunsa su kumbura. A ƙasarmu ciwon yakan biyo bayan sikila, ko ƙanjamau, ko tsargiyar da ta taɓa hanta, ko tsohon ciwon zuciya da na huhu.

Magungunan da likita ke bayarwa suna tsawaita rai, sai dai kuma suna zuwa da tasu wahala. Wannan wahala ce ke sa waɗansu su ajiye magani ba shawara, abin da kan jawo ciwon ya taso gadan-gadan. To, ga abin da za mu iya yi a gida.

Ƙwayar sildenafil, wadda aka amince da ita domin wannan ciwo a Amurka a 2005, takan kawo ciwon kai da ƙwarnafi da toshewar hanci. Domin ciwon kai, farasitamol ya isa. Mu guji ibuprofen da diclofenac, gama suna tara ruwa a jiki. Domin ƙwarnafi, a ci abinci kaɗan-kaɗan, a rage yaji da maiƙo, kada a kwanta da zarar an gama ci. Domin hanci kuwa, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce, a ɗiɗɗiga. Maganin mura na kemis mai buɗe hanci yana matse jijiyoyi, bai dace ba. In haɓo ya zo, musamman da hunturu, a sunkuya gaba a matse hanci minti 10.

Ƙwayar fitsari, irin su furosemide, a sha ta da safe domin a sami barci da dare. Tana fitar da sinadarin fotasiyam, shi ya sa tsoka kan ɗaure. Ayaba da dabino da lemo suna mayar da shi, amma wanda aka haɗa masa da spironolactone ya tambayi likita tukuna, domin ita tara sinadarin take yi. In jiri ya dame mu, mu zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin mu miƙe.

Maganar gishiri tana hannun mai girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, watau kamar ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙule da kanwa duk suna cikin lissafin. A ƙara daddawa da albasa, miya ba za ta yi lami ba. A hau sikeli kowace safiya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, a nufi asibiti.

Mai shan warfarin ba a hana shi zogale da alayyafo ba, amma ya riƙa ci daidai wa daida, kada yau tuli gobe babu. Mai shan bosentan kuma a auna masa hanta kowane wata. Wannan ƙwaya tana lahanta ɗan tayi, tana kuma rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, saboda haka mata su yi magana da likita a fili.

Muna jan kunne game da jiƙe-jiƙe da maganin ƙarfin maza na bakin tasha. Sau da yawa akwai sildenafil a ɓoye cikinsu, ninki kan ninki ke nan. Masu sikila kuma kada su sha shi da kansu: a 2009 an dakatar da wani gwaji a Amurka domin ya ƙara musu tashin ciwo.

Suma, ciwon ƙirji, tarin jini, ko ido ya yi rawaya, waɗannan ba na gida ba ne, a garzaya asibiti. Mu da ke jinya kuma, mu riƙa rubuta abin da muka gani, mu kai wa likita ranar awo, domin da shi zai gyara ma'aunin maganin. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.