Tsohuwar Fijo Da Sabon Sanyi: Jan Hankali Ga Masu Farfaɗo Da Motocin Gado

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, ba sai an gabatar masa da Peugeot 504 ba, wadda muka fi sani da Fijo. Ita ce motar hakimi da alƙali da shugaban makaranta, ita ce ta kai amare, ita ce kuma ta yi jigilar fatake zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, tana tafe 'yar'uwarta a-kori-kura na biye da buhunan gero da albasa. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, sannan kamfanin PAN da ya fara aiki a Kakuri ta Kaduna a 1975 ya ci gaba da harhaɗa ta shekaru masu yawa bayan Faransawa sun daina.

A 'yan shekarun nan na ga wasu daga cikin abokaina ma'aikata da malaman makaranta sun waiwayi waɗannan motoci da iyayensu suka bari a zaure ko ƙarƙashin darbejiya, suna kashe kuɗi don su tashe su. Abin ya burge ni ƙwarai, domin da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai kusan kowanensu, da zarar an gama aikin inji an doshi fenti, tambaya ɗaya yake cin karo da ita: a sa mata na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, ko a bar ta yadda ta fito? Da yawa daga cikin motocin, musamman na haya da a-kori-kura, ba su zo da ita ba. Waɗanda suka zo da ita kuwa ta daɗe da mutuwa.

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta suna da hujja. A wurinsu darajar tsohuwar mota tana cikin asalinta, duk ramin da aka huda a jikinta ya rage mata ƙima. Wannan ra'ayi ya dace da mai ajiye mota don kallo a ƙasar sanyi. Amma mu da muke ganin zafi ya haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, sannan hunturu ya zo da ƙurar da ke tilasta a ɗaga gilashi, mun san motar da ba a iya shiga da rana za ta koma inda aka ɗauko ta. Motar da ba a hawa kuwa ita ce tsatsa da ɓeraye ke ci. Ko a Amurka, inda kamfanin Packard ya fara sayar da mota mai esi a 1939, sa wa tsohuwar mota na'urar sanyi sana'a ce mai zaman kanta. Kamfanin Vintage Air na birnin San Antoniyo a kan haka ya kafu tun 1976. Saboda haka ni ina tare da masu cewa a sa. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake sawa.

Ya kamata mai karatu ya fahimci cewa esi kwashe zafi take yi daga cikin mota ta zubar da shi waje. Kwamfiresa, wadda bel ke juyawa daga inji, tana matsa gas har ya yi zafi. Daga nan ya shiga kwandensa, wani faffaɗan raga mai kama da lagireto, inda iska ke huce shi ya zama ruwa. Sai ya ratsa wani ɗan gwangwani mai tsotse laima, ya fita ta wata siririyar ƙofa zuwa akwatin da ke ƙarƙashin dashbod, inda yake komawa tururi yana zuƙe zafin ɗakin. Abin lura shi ne, a gaban lagireto ake ɗaura kwandensa. Ma'ana, duk zafin da aka kwaso daga wurin fasinja, lagireto ne zai shaƙe shi, a daidai lokacin da kwamfiresa ta ƙara wa inji kaya.

Injin 504 da aka fi sani a nan mai silinda huɗu ne, kusan lita biyu. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa, wanda kanikawa ke kira tof, na alminiyam ne. Idan ya yi zafi fiye da kima, tof ɗin na iya lanƙwashewa, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Mutumin da ya ɗora esi a kan lagireton da ya shekara talatin yana shan ruwan rijiya da laka, garin neman gira zai rasa ido. Don haka aikin sanyi daga lagireto yake farawa: a wanke shi ko a sake masa ciki mai kauri, a duba famfon ruwa da tiyo-tiyo, a ƙara fankar lantarki a gaban kwandensa wadda za ta tashi duk lokacin da aka kunna esi, domin a cunkoson bakin tasha babu iskar gudu da za ta taimaka.

Wannan fanka da ta cikin ɗaki da maganaɗisun kwamfiresa duk wuta suke ci, alhali oltanetar da motar ta zo da ita an yi ta ne don fitilu da rediyo. Dole mai rewaya ya auna ƙarfinta, ya sa fis da rile, ya bar ɗabi'ar nan ta haɗa waya da waya a naɗe da leda. Haka kuma kafireto na bukatar a daidaita masa silo, in ba haka ba da kwamfiresa ta kama sai mota ta mutu a tsakiyar titi. Kwamfiresar kanta gara a nemi irin ta Sanden, wadda ba ta jijjiga inji kamar tsohuwar York mai fistin biyu, a kuma yi mata mazauni mai kauri da ya daidaita da fulin inji, don kada ta riƙa cin bel.

Sai maganar gas, wadda a nan ne aka fi cutar masu mota. Tsofaffin na'urori da R12 suke aiki, wanda yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta yanke wa hukunci saboda yana huda rufin ozon, aka kuma ba ƙasashe masu tasowa irin Nijeriya wa'adin 2010 su daina shigo da shi. Wanda ya maye gurbinsa shi ne R134a, kuma ba ya jituwa da man da R12 ke amfani da shi. Wanda ya sayo tsohuwar kwamfiresa ta gwanjo a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, wajibi ne a zubar da tsohon man, a wanke bututu, a sauya robobin haɗi da gwangwanin laima, a zuƙe iska da injin zuƙa kafin a ɗura gas, kuma a ɗura shi da awo. Ɗura gas ɗin esin gida, R22, a mota ganganci ne, domin matsinsa ya fi ƙarfin tiyo da kwamfiresar mota. Shi ma R134a ba na dindindin ba ne: gyaran Kigali na 2016 ya sa shi cikin waɗanda za a rage a hankali saboda ɗumamar yanayi, shi ya sa sababbin motocin Turai suka koma R1234yf.

Ga masu kishin asali, akwai hanyar da za a tsira da mutuncin motar. Na'urar da ake ratayawa a ƙarƙashin dashbod ba ta bukatar a yanka komai sai ramukan tiyo, kuma ana iya cire ta. Amma a yanke shawara kafin fenti, a huda ramukan a shafe su da maganin tsatsa, a toshe ɓulallen daɓe, a sauya robobin ƙofa, a shimfiɗa abin tare zafi a rufi. Wanda ya bari sai an gama fenti da kujeru, zai biya kuɗin aiki sau biyu.

Na tsawaita a kan waɗannan abubuwa ne saboda wani dalili da ya fi kuɗi nauyi. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Ƙaura zuwa Zurmi har Jibiya sun sha fama da 'yan bindiga fiye da shekara goma, abin da ya kai ga rufe kasuwannin mako da katse layukan waya a Zamfara a watan Satumbar 2021. A da, idan mota ta tafasa, direba kan raɓa gefe ya nemi ruwa a ƙauye, ya sha inuwa. A waɗannan hanyoyi, tsayuwar dole da iyali a cikin mota ba ƙaramin hatsari ba ne. Duk wanda zai ƙara wa tsohon inji kaya, ya tuna da wannan kafin ya nemi araha. Ya kuma lissafa da man fetur, domin tun cire tallafi a watan Mayun 2023 sanyi ya ƙara tsada.

Kira na na ƙarshe ga masu ilmi ne. Kanikawanmu na da basirar da ta riƙe Fijo a kan hanya shekara hamsin, abin da suka rasa shi ne kayan awo da sanin sababbin gas. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda tun 1983. Me zai hana sashenta na injiniya ya haɗa kai da ƙungiyoyin kanikawa a shirya gajeren horo da Hausa kan wannan sana'a, ƙananan hukumomin uku su tallafa da ma'aunin matsi da injin zuƙa? Amfanin ba zai tsaya ga tsofaffin motoci ba, domin motar asibiti da firjin ajiye allurar rigakafi duk wannan ilmi suke bukata.

Wanda ya gaji Fijo ya gaji amana, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ya sa mata sanyi, amma ya fara da lagireto, ya kuma gwada ta a cikin gari da tsakar rana kafin ya ɗauki hanya. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya dawo mana da zaman lafiya.